Yadda Matuƙin Ƙaramin Jirgin Sama Zai Kauce wa Hatsarin Shiga Mummunan Yanayi

Yawancin ƙananan jiragen sama, irin su Cessna 172 da Piper masu inji ɗaya da kujeru huɗu zuwa shida, da ido ake tuƙa su. Matuƙi yana duban waje, yana daidaita hancin jirgi da fikafikansa da layin da sama ta haɗu da ƙasa, yana kuma gane hanyarsa ta koguna da tituna da garuruwan da yake wucewa. Wannan shi ne tsarin da ake kira VFR, wato tuƙin ido. Ɗaya tsarin, IFR, shi ne tuƙi da na'ura zalla, wanda yake buƙatar horo na musamman da shaidar ƙwarewa ta daban. Hatsarin da ake magana a kansa a nan yana faruwa ne idan wanda ya tashi bisa tuƙin ido ya kutsa cikin gajimare, ko hazo, ko ruwan sama, ko duhun da ya shafe masa wancan layi. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta duba irin waɗannan hatsarurruka na shekarun 1975 zuwa 1986, ta tarar kashi 72 cikin ɗari sun jawo asarar rai, alhali a sauran hatsarurrukan ƙananan jirage gaba ɗaya adadin bai wuce kashi 17 ba. Matakan da ke tafe an jera su ne daga shirin ƙasa zuwa abin da za a yi idan an riga an shiga, kuma ƙari ne a kan horon malami cikin jirgi, ba madadinsa ba.

Mataki na farko: Ka san dalilin da jikinka zai yaudare ka

A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda suke sanar da ƙwaƙwalwa idan kai ya juya. Aikinsu kamar na ruwan da ke cikin ƙwarya ne: idan aka fara juya ƙwaryar, ruwan yakan tsaya baya na ɗan lokaci, idan aka ci gaba da juyawa sai ya bi ta, idan kuma aka tsayar da ita farat ɗaya sai ruwan ya ci gaba da zagayawa. Saboda haka idan jirgi ya karkata a hankali, ƙasa da kimanin digiri biyu a daƙiƙa, kunne ba ya jin komai. Idan kwana ta ɗore na daƙiƙa 15 zuwa 20, sai jiki ya ɗauka an miƙe. Idan kuma matuƙi ya miƙar da fikafikan da gaske, sai ya ji kamar ya karkata zuwa ɗaya ɓangaren, hannunsa ya mayar da jirgin cikin kwanar da ya fito. A rana mai haske ido yana gyara wannan kuskure tun kafin mutum ya lura da shi, amma a cikin gajimare babu mai gyarawa sai agogunan da ke gabansa.

A shekarar 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun ɗauki matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'ura, suka sa su cikin jirgin Beechcraft Bonanza, suka toshe musu ganin waje. Goma sha tara daga cikinsu sun faɗa cikin kwana mai gangarowa ƙasa, ɗayan kuma ya ɗaga hanci har jirgin ya rasa iskar da ke ɗauke da shi. Wanda ya fi saurin rasa iko ya yi daƙiƙa 20, wanda ya fi daɗewa ya yi daƙiƙa 480, matsakaicin kuwa daƙiƙa 178 ne, bai cika minti uku ba. Gwajin yana da tsauri, domin jirgin baƙo ne gare su kuma an rufe wasu agogunan, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne sashensa na biyu: bayan an ba su horo na 'yan sa'o'i a kan yadda za su juya su koma inda suka fito, kusan dukansu sun iya. Don haka kada ka wadatu da sa'o'i ƙalilan na tuƙin na'ura da aka ba ka lokacin neman lasisi, waɗanda a Amurka sa'a uku ne kacal. Ka riƙa komawa wurin malami a kai a kai, ya rufe maka ganin waje, ka maimaita miƙewa da hawa da kwana da kuma ceto jirgi daga mummunar karkata, domin wannan ƙwarewa tana dushewa cikin 'yan watanni.

Mataki na biyu: Ka rubuta iyakokinka tun kafin ranar tafiya

Dokokin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, sun tanadi cewa mai tuƙin ido a ƙasa da ƙafa 10,000 yana buƙatar ganin aƙalla kilomita 5 a gabansa, ya nisanci gajimare da mita 1,500 a gefe da ƙafa 1,000 a sama ko ƙasa, sama da wannan tsayi kuma ganin ya kai kilomita 8. A filin da ke da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ba a tashi bisa tuƙin ido idan rufin gajimare bai kai ƙafa 1,500 ba, sai da izini na musamman. Waɗannan alƙaluma iyakar doka ce, kuma an yi su ne domin kowa da kowa. Jirgin da ke gudun kilomita 185 a sa'a yana cin kilomita 3 a kowane minti, ke nan ganin kilomita 5 bai ba ka ko minti biyu ba tsakanin hango dutse da isa gare shi.

Abin da ya dace shi ne ka zauna da malaminka a ranar da ba ka da wata tafiya a gabanka, ku rubuta naka iyakokin a takarda: mafi ƙarancin gani, mafi ƙarancin tsayin gajimare, mafi ƙarfin iskar gefe, da yawan man da dole ya rage lokacin sauka. Ga sabon matuƙi, ganin kilomita 10 da rufin gajimare na ƙafa 3,000 mafari ne mai kyau, a ƙara a kansu idan dare ne ko hanya mai tsaunuka. Sharaɗin takardar ɗaya ne, ba a sassauta ta a ranar tafiya. Mutumin da ya riga ya ɗora kaya, fasinjoji suna tsaye suna dubansa, ba shi ne wanda ya dace ya yanke hukunci a kan ko kilomita 6 ta isa ba.

Hatsarin John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, a daren 16 ga Yulin 1999, ya nuna tazarar da ke tsakanin abin da doka ta yarda da shi da abin da mutum zai iya. Ya tashi da Piper Saratoga daga jihar New Jersey zuwa tsibirin Martha's Vineyard tare da matarsa da 'yar'uwarta, yana da kimanin sa'a 300 na tuƙi, ba shi kuma da shaidar tuƙi da na'ura. An shirya tafiyar da sauran haske, jinkiri ya kai ta bayan faɗuwar rana. Rahotannin yanayi ba su saɓa wa dokar tuƙin ido ba, sai dai a saman teku, cikin hazo da duhu, babu fitilar gari ko ɗaya da za ta nuna masa inda sama ta ƙare. Na'urar radar ta nuna jirgin yana gangarowa fiye da ƙafa 4,700 a minti kafin ya faɗa ruwa. Dare marar wata a saman teku ko hamada ko daji, ka lissafa shi a matsayin tuƙin na'ura, ko da rahoto ya ce sama garau take.

Mataki na uku: Ka karanta yanayin hanya gaba ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba filin tashi da filin sauka kawai, a manta da ɗaruruwan kilomitocin da ke tsakani. Ka nemi rahoton METAR, wanda yake bayyana halin da ake ciki kuma yake fitowa kowace sa'a ko rabin sa'a, da hasashen TAF na sa'a 24 zuwa 30, da gargaɗin mummunan yanayi na SIGMET, na dukan filayen da ke kan hanya da gefenta. A Najeriya hukumar hasashen yanayi ta NiMet ce take bayar da su, a Nijar kuma hukumar tsaron zirga-zirgar jirage ta ASECNA. Lokutan da ke cikinsu duka na agogon duniya ne, UTC, wanda Najeriya da Nijar suke gabansa da sa'a ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi.

Wajen karatu, lamba mai rukuni huɗu ita ce nisan gani da mita: 9999 na nufin kilomita 10 ko fiye, 3000 kuma kilomita 3. HZ hazo ne, DU ƙura, FG hazon raɓa mai kauri da ya rage gani ƙasa da mita 1,000, TS tsawa, CB kuwa gajimaren hadari. Yawan gajimare ana auna shi da kashi takwas na sama: FEW ɗaya zuwa biyu, SCT uku zuwa huɗu, BKN biyar zuwa bakwai, OVC sama ta rufe ruf. BKN012 na nufin rufin yana ƙafa 1,200 daga doron filin, ba daga doron teku ba, kuma wannan bambanci yana da nauyi idan hanyarka ta bi ta tudu. Filin jirgin Kano yana kimanin ƙafa 1,560 sama da teku, na Jos ya haura ƙafa 4,000, saboda haka gajimaren da ya ba ka wadataccen sarari a saman Kano yana iya kwantawa a kan duwatsun Filato. Kalmomin TEMPO, wato sauyin yanayi na ɗan lokaci, da PROB30, wato yiwuwar kashi 30 cikin ɗari, kada ka ɗauke su a matsayin abin da wataƙila ba zai same ka ba. Ka tsara tafiyarka kamar abin da suka ambata zai faru daidai lokacin isarka.

Ka kuma duba tazarar da ke tsakanin zafin iska da ma'aunin saukar raɓa, waɗanda ake rubutawa tare kamar 28/23. Kowane digiri ɗaya na tazara yana nuna kimanin ƙafa 400 na tsayin gindin gajimare, ke nan a wannan misali ƙafa 2,000. Idan tazarar ta ragu zuwa digiri biyu ko ƙasa, musamman da asuba ko dab da magariba, to hazon raɓa ko gajimare mai kwanciya yana kusa. Rahoto ɗaya ba ya nuna inda aka dosa, don haka ka jera na sa'o'i uku ko huɗu da suka wuce, ka ga ko abin gyaruwa yake yi ko lalacewa, ka kuma gwada shi da hasashen. Hasashen da ya riga ya kuskure da safe ba abin dogaro ba ne da yamma.

A yankin Sahel yanayi biyu ne suke buƙatar kulawa ta daban. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma a wasu ranaku gani yakan faɗi ƙasa da mita 1,000 har manyan jirage su kasa sauka. Mugun halin wannan hazo shi ne ba shi da baki kamar gajimare, a hankali yake kauri. Matuƙi yana iya ganin ƙasa idan ya leƙa ƙarƙashinsa kai tsaye, sai ya ɗauka yana gani, alhali a gabansa babu komai sai fari, kuma abin yakan ƙara muni idan ya fuskanci rana da safe ko da la'asar. Da damina kuwa hadari yakan taso daga gabas a jere, layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana tura iska mai ƙarfi da bangon ƙura a gabansa, galibi daga la'asar zuwa dare. Tashin safe ya fi aminci a wannan lokaci, in dai an jira gajimaren da kan kwanta bayan ruwan dare ya ɗaga.

Mataki na huɗu: Ka tanadi mafita, da mai, da tsayin tsira

A kan taswira ka raba hanya gida-gida, kowane gida kamar tafiyar minti 15 zuwa 20. A kowane gida ka rubuta abu biyu: filin da ya fi kusa da za ka iya karkata zuwa gare shi, da tsayin tsira, wato ƙafa 1,000 sama da mafi tsayin dutse ko turken sadarwa a wurin, ƙafa 2,000 idan yankin tsaunuka ne. Ka tabbatar filayen da ka zaɓa suna buɗe a lokacin, domin da yawa ba su da fitilun sauka kuma suna rufewa da faɗuwar rana, sannan man ƙananan jirage ba a kowane fili ake samunsa ba. Dokar Amurka ta nemi ragowar man minti 30 da rana da minti 45 da dare. Ka mai da naka sa'a ɗaya cur, saboda matuƙin da mansa ya yi ƙasa ba ya iya zagaye hadari, ba ya kuma iya komawa baya.

Mataki na biyar: Ka sauke wa kanka nauyin isa dole

Tun lokacin da aka fara maganar tafiya ka gaya wa fasinjoji cewa ƙaramin jirgi yana iya fasa tashi, ko ya sauka a wani gari, kuma a tanadi mota ko tikitin babban jirgi idan sha'anin ba ya ɗaguwa. Ɗaurin aure da jana'iza da taron kasuwanci da fasinja mai girma su ne suka fi tura matuƙa cikin abin da da su kaɗai ne ba za su shiga ba. Matuƙin jirgi mai saukar ungulu da ya ɗauko shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant ranar 26 ga Janairun 2020 yana da fiye da sa'a 8,000 na tuƙi, yana kuma da shaidar tuƙi da na'ura, amma ya ci gaba da kutsawa cikin gajimare a tsaunukan Calabasas na Kalifoniya har ya ruɗe, yana gaya wa masu kula da zirga-zirga cewa hawa yake yi alhali gangarowa yake, mutum tara suka rasu. NTSB ta ambaci matsin da ya ɗora wa kansa da nacewa a kan shirin farko cikin dalilan. Haka kuma hatsarin da ya ci ran shugaban kamfanin Access Holdings mai bankin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa da Abimbola Ogunbanjo, tsohon shugaban kasuwar hannayen jarin Najeriya, da matuƙa biyu, a hamadar Kalifoniya daren 9 ga Fabrairun 2024, hukumar ta ɗora shi a kan ci gaba da tuƙin ido cikin yanayin da ba ya ganuwa. Yawan sa'o'i bai hana ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma wannan magana ta fi sauƙin faɗa idan an riga an shimfiɗa ta tun kwana biyu kafin tafiyar.

Mataki na shida: A sama, ka juya tun kana gani

Kafin tashi, yayin da kake gangarawa zuwa titin jirgi, ka duba cewa agogon karkata, mai nuna karkatar fikafikai da matsayin hanci, da na kwana da kamfas suna amsawa daidai idan ka juya. Bayan tashi kuma, a ƙarshen kowane gida na taswirarka ka tambayi kanka ko abin da ke gabanka ya kai iyakokin da ka rubuta, ka saurari rahoton filayen gaba ta rediyo, ka kuma waiwaya baya, domin hanyar komawa ma tana iya rufewa.

Alamomin da suke nuna lokacin juyawa ya yi sanannu ne. Ka sauko daga tsayin da ka tsara domin ka kasance ƙarƙashin gajimare, sannan ka sake saukowa. Ka rage gudu ba tare da ka yi niyya ba, saboda ba ka gani sosai. Layin sama da ƙasa ya dushe, ko ƙasa ta fara ɓacewa tana dawowa. Ka fara bin titin mota kana lanƙwasa tare da shi, ko ka ji kanka kana cewa bari in ƙara minti biyar in gani. A ganina saukowa ta biyu ita ce iyaka, ba a jiran ta uku. Rarrafe a ƙarƙashin gajimare yana kashewa ne saboda ƙasa tana hawa, gajimaren yana sauka, turakun sadarwa da wayoyin lantarki kuma suna cikin ɗan sararin da ya rage. Hawa saman gajimare ta wata kafa da ka hango shi ma tarko ne, domin kafar tana iya rufewa ka rasa ta inda za ka sauko.

Game da hadari, hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da shawarar a nisanci mai ƙarfi da aƙalla mil 20, fiye da kilomita 30. Kada ka bi ta ƙarƙashinsa ko da kana hango haske a ɗaya gefen, saboda iskar da ke faɗowa daga cikinsa tana iya kai ƙafa 6,000 a minti, ƙaramin jirgi kuwa da ƙyar yake hawa ƙafa 700. Irin wannan juyin iska ne ya kayar da Boeing 737 na kamfanin ADC jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006, inda mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Hoton radar da ke zuwa ta waya ko kwamfutar hannu yana iya tsufa da minti 15 zuwa 20, don haka amfaninsa shi ne tsara zagaye mai nisa, ba ratsawa tsakanin hadari biyu ba.

Mataki na bakwai: Idan ka riga ka shiga

Da zarar waje ya ɓace, ka ɗauke idonka daga gilashi gaba ɗaya, ka ɗora shi a kan agogon karkata, ka miƙar da fikafikai, ka ajiye hanci a kan layin da agogon yake nunawa. Jikinka zai yi maka gardama mai ƙarfi, ka ƙyale shi. Ka sassauta riƙon sitiyari, yatsu biyu ko uku sun isa, ka daidaita tirim, wato abin da ke sauke wa hannu nauyin sitiyari, har jirgin ya riƙe tsayinsa da kansa, domin ƙananan jirage an ƙera su da natsuwa kuma yawanci hannun matuƙi ne yake ɓata su. Idan jirgin yana da na'urar tuƙa kai kuma ka saba da ita, ka kunna ta nan take. Ka buɗe ɗumin kafireta da na bututun auna gudu, ka kashe fitilu masu walƙiya idan suna dawo maka da haske. Kada ka juya kanka da sauri, kada kuma ka sunkuya neman biro ko taswirar da ta faɗi, saboda motsa kai a tsakiyar kwana yana girgiza bututun kunne uku lokaci guda, ya kawo jiri mai tsanani.

Daga nan sai ka dubi tsayinka. Idan kana ƙasa da tsayin tsira da ka rubuta, ko akwai duwatsu kusa, ka ba da cikakken totur ka hau a miƙe, fikafikai a daidaice, kafin ka yi tunanin wata kwana. Idan kana sama da shi, ka karanta alƙiblarka, ka lissafa kishiyarta ta hanyar ƙara ko rage 180, misali 070 ta koma 250. Ka duba agogon lokaci, ka karkata a hankali zuwa ɓangaren da ba shi da tudu, kimanin digiri 15 zuwa 17 idan gudunka kilomita 185 ne a sa'a. Wannan kwana tana cin digiri uku a daƙiƙa, saboda haka minti ɗaya daidai zai mayar da kai inda ka fito. Idonka ya riƙa fita daga agogon karkata zuwa na tsayi ya dawo, zuwa na alƙibla ya dawo, zuwa na gudu ya dawo, kada ya kafe a kan guda. Bayan ka miƙe za ka ji kamar ka karkata ɗaya gefen, wannan ƙaryar kunne ce, takan wuce. Ka ba wa hanyar aƙalla tsawon lokacin da ka yi a ciki da ƙarin minti ɗaya ko biyu.

Idan ka ga gudu yana ƙaruwa, agogon tsayi yana zubewa, ƙarar iska tana tashi, to ka shiga kwana mai gangarowa. Abin da hannu zai so yi shi ne jan sitiyari, kuma shi ne mafi muni, domin ja a cikin karkata yana matse kwanar ne, ya ƙara nauyi a kan fikafikai. A karkatar digiri 60 nauyin ya riga ya ninka biyu, jiragen wannan aji kuwa an gwada su ne zuwa ninki 3.8. Jerin ceton ba ya canzawa: ka rage totur, ka miƙar da fikafikai bisa agogo, sannan ka ɗaga hanci a hankali, idan gudu ya dawo daidai ka mayar da totur. Idan kuma gudu ne yake raguwa hanci yana sama, ka ƙara totur, ka sauke hanci, ka miƙar da fikafikai.

Wanda ya tsinci kansa cikin hadari sosai ya ƙara ɗaure bel, ya rage gudu zuwa wanda littafin jirgin ya tanada domin iska mai jijjiga, ya ƙure fitilun ciki saboda walƙiya, ya riƙe fikafikai a miƙe ya bar tsayi ya hau ya sauka yadda iska ta so. A wannan hali kaɗai ba a son juyawa, saboda kwana tana ƙara wa jikin jirgin nauyin da ya riga ya yi masa yawa.

Mataki na takwas: Ka nemi taimako da bakinka

Rediyo yana zuwa ne bayan jirgin ya natsu, amma kada a jinkirta shi saboda kunya ko tsoron tuhuma. Ka kira tashar da kake magana da ita, ko mita 121.5, ka ce Mayday sau uku, ka faɗi lambar jirginka, ka bayyana ƙarara cewa kai mai tuƙin ido ne, kana cikin gajimare, ba ka da shaidar tuƙi da na'ura, sannan ka ba da tsayinka da man da ya rage da yawan mutanen da ke ciki. Ka sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna ka a radar idan hannunka zai kai ba tare da ka sunkuya ba. Mai kula da zirga-zirga yana iya nuna maka inda sama take a buɗe da tsayin da ya fi ƙarfin duwatsu. Ka roƙe shi ya riƙa ba ka umarni ɗaya-ɗaya, kwana daban, sauka daban, kuma idan ya nemi abin da ya fi ƙarfinka ka ce ba za ka iya ba. Saukowa ta cikin gajimare a yi ta a miƙe, kimanin ƙafa 500 a minti, tirim a daidaice.

Mataki na tara: Sauka a inda ba fili ba

Wani lokaci gaba ta rufe, baya ta rufe, kana ƙarƙashin gajimare kana ganin ƙasa, rana kuma tana shirin faɗuwa. A nan sauka a gona ko fako da inji mai aiki da sauran haske ta fi ci gaba da neman kafa, ko da jirgin zai lalace. Ka gane inda iska take fitowa ta hayaƙi ko ƙura ko kaɗawar bishiyoyi, ka zaɓi wuri mai tsawo da ke fuskantarta, ka sanar ta rediyo inda kake. Ka wuce ta gefen wurin a kimanin ƙafa 500 ka duba hanyar shiga da ta fita, sannan ka sake wucewa ƙasa da haka da gudu mai aminci kana neman rami da suri da kututture da dabbobi. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema, shi ya sa titin mota ya fi yadda ake zato haɗari. Fadama takan yi kyau a ido alhali ƙasarta tana da laushi, gona mai kunya kuma ana bin tsawon kunyoyin ne, ba a gicciye su. Fasinjoji su ɗaure bel su cire tabarau, a zare sakatar ƙofa dab da taɓa ƙasa domin kada ta maƙale, a sauka da cikakken filaf, wato sassan bayan fikafikai da ake saukarwa domin rage gudu, da mafi ƙarancin gudun da littafin jirgin ya yarda da shi. Da jirgi ya tsaya a rufe mai, a kashe wuta, kowa ya fita ya nisanta har a tabbatar babu gobara, sannan a kunna na'urar kiran ceto mai mita 406, a zauna kusa da jirgin, domin masu nema daga sama sun fi saurin hango fikafikai a kan mutum mai tafiya a ƙasa.